Ba kowane tiyo ne ke ɗaukar fetur ɗin motar tsere ba

Akwai wata magana da ke damuna, wadda nake yawan ji a bakin masu tsofaffin motocin tsere: wai in tiyon mai ya fara yoyo, kowane baƙin tiyon roba da ya yi daidai da bakin bututun ya wadatar, muddin an ɗaure shi tam. Ba laifinsu ba ne, domin a ido duk kamarsu ɗaya, kuma ranar da aka sa shi yoyon yakan tsaya.

Sai dai ƙarfin turin man ya bambanta. Famfon man mota mai kafireta yawanci ba ya wuce psi 7 (psi ma'aunin ƙarfin turi ne), amma na mai injekta yakan kai 40 ko fiye. Shi ya sa ake buga lamba a jikin tiyo. J30R7 na ƙaramin turi ne, J30R9 na injekta, J30R10 kuma shi ne wanda ake nutsawa cikin tanki. Ga kuma fetur mai etanol, irin E10 (mai etanol har kashi 10 cikin 100) da Birtaniya ta koma kansa a 2021, wanda ke cin tsohuwar roba ta ciki, alhali bayanta na nan sumul.

Dubi motar Jaguar XJS mai silinda 12. Gajerun tiyoyin injektocinta a saman inji suke, cikin zafi. In ɗaya ya tsage, feshi yake yi a kan ƙarfe mai zafi kusa da wayoyin fulogi, kuma motoci da dama sun ƙone ta haka. Don haka in za a ƙara wa mota famfo mai ƙarfi, a fara sauya tiyo da maɗaurinsa, a karanta lambar kafin a biya.