Na'urar shan ruwa ta 'yar kyanwa mai gashi: abin da ya kamata a duba

A gidajenmu na Kano babu wanda ke tunanin inda kyanwa za ta sha ruwa, domin tana yawo a tsakar gida, ta lasa a gindin randa ko a kaskon kaji, kuma ɓerayen da take kamawa da ragowar tuwo da miya duk suna ɗauke da ruwa. A nan Landan kuwa kyanwa tana kulle a ɗaki dare da rana, ga ɗumin hita lokacin sanyi, ga busasshen abincin leda wanda ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, alhali na gwangwani yakan kai kusan kashi 80. Saboda haka ba na cikin masu dariya idan suka ji an sayi na'urar da ke gudano ruwa domin mage. Wanda ya tsare dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta, kuma hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu ya ishe mu gargaɗi.

Kyanwa ta samo asali ne daga magen dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta saba da ƙarancin ruwa, shi ya sa ƙishirwa ba ta cika kai ta bakin kwano ba. Likitocin dabbobi sukan kiyasta buƙatarta a kan kimanin mililita 50 ga kowane kilo na nauyinta a rana, kuma ƙarancin sha yana taimaka wa ciwon mafitsara. Kyanwoyi da yawa sun fi son ruwa mai motsi, amma ba duka ba, don haka kada a ɗauke kwanon da kyanwa ta saba da shi.

Inda nake ganin mutane suna kuskure shi ne wajen zaɓe. Sukan bi wadda ta fi fitilu da ado, wani lokaci har mai haɗuwa da wayar hannu, su manta cewa mage mai dogon gashi, irin ta Farisa ko Maine Coon, matsalarta daban ce da ta magen gida mai gajeren gashi. Idan ruwan yana tsartuwa sama ko kwanon yana da zurfi, gashin wuyanta da na ƙirjinta zai jiƙe a duk shan da ta yi, ya cukurkuɗe ya zama dunƙule, har sai an sa almakashi. Abin da ya dace da ita shi ne faffaɗan kwano marar zurfi wanda ruwa ke malala a hankali, musamman ga 'yar Farisa mai shafaffiyar fuska, kuma ya kasance ƙasa-ƙasa yadda ƙaramar kyanwa za ta kai ba tare da ta taka ciki ba.

Gashin nan kuma yana zuba cikin ruwan. Ɗan injin da ke turo ruwa ƙarami ne ƙwarai, kuma idan babu soso a gabansa da zai tare gashi, sai ka ji ya fara gurnani, ka buɗe ka tarar da zare-zare sun nannaɗe farfelarsa. Ruwan Landan yana ƙara wahala, domin yana barin farin alli irin wanda ke daskarewa a butar shayi. Don haka ni na fi fifita na'urar da za a iya kwancewa gaba ɗaya a wanke duk mako, a kuma samu matatar gawayin da ke tace ruwanta cikin sauƙi a kanti.

Ta roba ta fi araha, amma tana karcewa, ƙwayoyin cuta su maƙale, kuma ana danganta ta da ƙurajen haɓa waɗanda ba a saurin ganinsu a ƙarƙashin gashi. Ta tangaran ko ta ƙarfe marar tsatsa ta fi, kuma nauyin tangaran yana hana 'yar kyanwa mai ƙiriniya kifar da ita. A ɓoye wayar wutar sosai, domin tana tauna duk abin da ta samu lokacin da take sauya haƙora, wajen wata uku zuwa shida.