Gilashi da fitila kuke sayarwa, mu kuwa gurbin faifai muke nema

Masu shagunan kwamfuta na garin nan Kaduna, tsakaninku da Allah, yaushe aka mayar da akwatin kwamfuta kayan ado? Daga Ahmadu Bello Way har filazojin da ke kewaye da kasuwar Sheikh Gumi, duk inda mutum ya leƙa ya ce yana son akwatin da zai ɗauki faifan ajiya shida, abu ɗaya ake sauko masa da shi: baƙin akwati, gilashi a gefe, gilashi a gaba, fankoki uku masu canza launi. A jona a wuta, a ja da baya ana kallon fuskarka, ana jira ka ce masha Allah. Ka tambayi gurbin faifai nawa ne a ciki, sai a shiga kallon-kallo.

Kada wani ya ɗauka rigimar 'yan gayu ce. Ɗaukar bidiyo da hotunan biki ce sana'ata, da ita nake ci da iyalina. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cinye gigabait 45 a awa ɗaya. To lissafa biki irin namu: kamu, sa lalle, ɗaurin aure, walima, kai amarya, buɗar kai, kuma da kyamara biyu. Aikin ma ba ya ƙarewa ranar da ka miƙa wa ango filashinsa. Bayan shekaru sai wata ta kira, murya na rawa: "Malam, Baba ya rasu, wayata kuma an sace, ko bidiyon da yake yi mana nasiha yana nan?" Da wane bakin zan ce mata faifan ya mutu? Masu cewa a loda a intanet kuwa ba su taɓa zaman gadin gigabait 200 da datar waya ba, ga kuɗin wata-wata da ke bin dala sau da ƙafa. Na'urorin ajiya na kamfanonin Synology da QNAP da ake sayarwa a haɗe suna da kyau, amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake lissafi kusan 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, irinmu sai dai mu kalle su a hoto.

Shi ya sa na ce bari in haɗa sabar ajiya da hannuna: kwamfuta ɗaya a kusurwar ɗaki, ba sikirin, ba komai, tana kunne dare da rana. Faifai shida masu terabait 8, manhajar TrueNAS wadda kyauta ce, a tsara su yadda ko biyu sun mutu ba abin da zai salwanta, a samu wajen terabait 32 na aiki. Faifan sun samu, madabod, wato babban allon da ake jona komai a jikinsa, ya samu, furosesa ya samu. Gwangwanin da za a zuba su ciki ne ya gagara. Gwangwani fa!

Kuma ba wani abin a zo a gani nake nema ba. Babban faifai mai inci 3.5 faranti ne ke juyawa a cikinsa, sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Abin da ke juyawa haka yana zafi, yana kuma karkarwa. Idan ka haɗa shida a jikin ƙarfe ɗaya ba roba a tsakani, karkarwar wannan tana shiga wancan, allurar karatu ta riƙa kuskure tana maimaitawa, aiki ya yi nauyi. Don haka kowane faifai yana son a ɗaure shi da noti huɗu a kan roba, a bar 'yar tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa, a sa fanka mai milimita 120 ko 140 tana hura su kai tsaye. Masu ƙera faifan sukan rubuta cewa iyakarsa wajen digiri 60 ne, amma mai son kayansa su daɗe ba zai bari su kai ko kusa da nan ba. Ni da na ga 45 hankalina ya tashi. Yanzu ka tuna Maris da Afrilu a Kaduna, lokacin da zafin waje ke neman 40, ɗaki ƙarƙashin kwano, an ɗauke wuta, fankar sama ta tsaya, inbata ce kawai ke riƙe da saba. A wannan halin ne za ka toshe gaban akwati da gilashi, ka bar wa iska 'yar tsaga a gefe? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ga hunturu. Ƙurar da ke rufe madubin mota cikin dare ita fanka ke zuƙa tana tura wa faifan. Akwatin kirki yana da raga a gaba da ƙasa wadda za ka zaro ka karkaɗe ka mayar ba tare da ka kwance komai ba, kuma iskar da ke shiga ta ragar ta fi wadda ake fitarwa yawa, don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa. Wannan shi ke nan. Ba ilimin taurari ba ne.

Wani shago da na shiga, yaron ya sauko da irin akwatin nan yana goge gilashin da hannun riga. Ya ce, "Yallaɓai, wannan shi ake yayi."

Na ce, "Ƙanena, ban zo yayi ba. Manyan faifai nawa yake ɗauka?"

"Ko goma ka sa zai ɗauka. Ba ka ga girmansa ba?"

Na ce ya buɗe. Sai da ya yi ƙunƙuni, wai oga ba ya son ana kwance kaya. Da aka cire murfin baya, can ƙasa kusa da mazaunin fawa-fak, na'urar da ke ba kwamfuta wuta, ga wani ɗan keji mai gurbi biyu. Biyu rak. A jikin kwalin ma an rubuta ɓaro-ɓaro: biyu masu inci 3.5, biyu masu inci 2.5. Na nuna masa. Ko a jikinsa. Ya ce, "To ai ga fili nan a tsakiya, sauran sai ka jera su a ƙasa ka ɗaure da igiyar roba, haka muke yi wa kowa." Haka suke yi wa kowa! Faifan da kuɗin guda ɗaya ya fi kuɗin akwatin gaba ɗaya, a jibga su kan juna a ɗaure kamar itacen girki. Kuma ranar da suka mutu, in ka koma, cewa za a yi wutar gidanka ce ba ta da kyau.

Na san ba su suka ƙera ba. Tun da SSD, ma'ajiyar nan da ba faranti mai juyawa a cikinta, ya yi araha, musamman ɗan siririn nan M.2 da ake maƙalawa a jikin madabod, kuma katin hoto na 'yan gem ya yi tsawon da wasu suka haura santimita 30, ga lagireton sanyaya furosesa da ke son fili a gaba, sai kamfanoni suka cire kejin faifai da gurbin CD daga yawancin akwatuna. Kasuwa ce, wanda ya fi saye shi ake yi wa. Wannan ban da ja a kai. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutum ya zauna a shago shekara da shekaru, bai san abin da ke cikin kwalin da yake zaune a kai ba, kuma ya ƙi cewa "babu". Mene ne abin kunya a "babu, amma bari in tambaya maka"? A'a, gara ya shafa maka mai a baki ya karɓi kuɗinka.

Alhali akwatunan suna nan a duniya, ba ƙirƙirarsu na yi ba. Kamfanin Fractal Design na Suwidin yana da Node 304 mai ɗaukar manyan faifai 6, da Node 804 mai ɗaukar 8, da Define R5 shi ma 8, da Define 7 da ke kaiwa 14 idan ka sayi ƙarin tire, wato mazaunin da ake ɗora faifai a zura shi cikin keji. Jonsbo na Chaina yana da N3 mai gurbi 8 da ake zaro faifai ta gaba. Sai dai mai saye ya yi hattara da ƙananan. Node 304 da N3 ƙaramin madabod irin Mini-ITX suke ɗauka, mai santimita 17 a kowane gefe, wanda samunsa a nan wani jidali ne, kuma galibi ramukan SATA ɗinsa, inda ake jona faifai, ba sa wuce huɗu. N3 ma ƙaramin fawa-fak yake so, samfurin SFX. Ranar da ya ƙone, a ina za ka samu wani a Kaduna? A ganina mutumin nan garin ya nemi babban akwati mai ɗaukar ATX ko microATX, tsarin da ake kai tun da Intel ta fito da ATX a 1995, wanda kowane mai gyara yake da kayansa a durowa. Ya ci fili, ya yi nauyi, ya yi muni, ba komai.

To ka ce za ka yi odarsa daga waje, nan ma wata azabar. Masu jigila ta jirgin sama ba nauyi kaɗai suke aunawa ba, har da girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000 ko 6,000. Kwalin da ke da 50 da 40 da 45, idan aka raba da 5,000, kilo 18 za a caje ka, ko da abin da ke ciki bai kai kilo 8 ba. Iska kake biya wa kuɗin jirgi. Ta ruwa kuwa sai ka manta ka yi odar kafin ta iso.

Daga nan aka haɗa ni da wani ɗan kasuwa a Legas mai sayar da na hannu. Ya turo hoto ta WhatsApp: akwati mai keji biyu, tire takwas reras, raga a gaba. Na tambaye shi sau da dama ko shi ne wanda zai turo, ya ce in kwantar da hankalina. Na yi tiransifa, ya sa a mota. A tasha direba ya ce kwalin ya cinye masa kujerar mutum ɗaya, sai na ƙara kuɗi, na ƙara. Na zo gida na buɗe: kejin yana nan, amma tire uku ne a ciki. Ragar gaba babu. Ƙafa ɗaya ta karye. Ledar noti ko alamarta. Wanda bai san harkar ba zai ce ai tire ba wani abu ba ne. Tiren kowane kamfani nasa ne shi kaɗai, na wani ba ya shiga kejin wani, keji ba tire kuwa hoto ne kawai. Notin ma ba kowanne ba: babban faifai 6-32 yake ɗauka, ƙaramin SSD kuma M3, in ka matsa wanda ba nasa ba ka cinye zaren ramin. Ukun da suka zo ɗin ma tsohon yayi ne, ramukansu na dogara da ramin tsakiya, wanda yawancin manyan faifan yanzu ba su da shi.

Na kira shi. Ya ce, "Oga, ai hoton na misali ne." Na ce ya karɓi kayansa ya dawo mini da kuɗina. Ya ce su kaya in ya fita ya fita. Wannan "in ya fita ya fita" da ake rubutawa a ƙasan rasit ba aya ba ce. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da abin da aka siffanta masa ba. Amma sun san talaka ba zai bar aikinsa a Kaduna ya tafi Ikeja neman mutumin da ko shagonsa bai sani ba. Da wannan suke taƙama.

Masu ba da shawara kuma ba sa ƙarewa. Wani ya ce in sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta HP ko Dell. Suna da ƙarko, amma don tebur aka yi su: faifai ɗaya ko biyu, kuma da yawansu filogin wutarsu na kamfanin ne, ba za ka sa fawa-fak na kasuwa ba. Wani ya ce tsohuwar sabar banki, irin mai faɗin nan. Wanda ya taɓa jin ƙarar ƙananan fankokinta ba zai kwana ɗaki ɗaya da ita ba, ga cin wuta. A ce wat 150 take ja: yunit 108 ke nan a wata, a farashin naira 225 da aka sa wa Band A, rukunin da aka fi ba wuta, a Afrilun 2024 ya haura dubu 24, ban da abin da za ta yi wa batirin inbata. Wani mai gyara kuma ya miƙo mini wayoyin nan masu raba wuta, na roba narkakkiya, wai in jona faifai shida a waya ɗaya. Kowane faifai yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 lokacin tashi, kuma a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, tashin ba sau ɗaya ba ne a rana. Irin wayoyin nan an san su da narkewa. Na ce masa na gode, gidan haya nake.

Wanda ya yi mini tambaya mai ma'ana a duk wannan yawon, wani dattijo ne mai walda a Panteka, wanda bai taɓa kunna kwamfuta ba. Na kai masa akwatin da wani mataccen faifai don awo. Ya juya shi a hannu, ya sa tef, faɗi santimita 10 da ɗoriya, kauri biyu da rabi da 'yan kai, ya leƙa ramukan gefe. Sai ya ɗago ya ce, "Ɗana, ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita?" Na ce, "Baba, tambayar da nake ta jira a yi mini ke nan." Ya lanƙwasa farantin ƙarfe biyu, ya huda ramuka daidai da na faifan, ya bar tazarar yatsa tsakanin kowanne, ya yanka tif ɗin babur ya yi 'yan zobban roba na ɗaure noti, ya ɗaura ragar taga a firam mai zarewa a gaba. Ba kyau, fentin ma bai yi daidai da na akwatin ba, ragar kuma ba ta tare lallausar ƙura sai na ƙara siririn soso a bayanta. Zaro faifai ɗaya sai na kashe saba na kwance noti huɗu. Amma yana aiki, kuma kuɗin da ya karɓa bai kai abin da na biya direba ba.

Shi kuwa mutumin Legas ya toshe lambata. Na duba da wayar matata: hoton nan mai tire takwas yana nan a sitatus ɗinsa, ya rubuta "saura ɗaya", ya ma ƙara masa kuɗi. Na haɗa rasit, hoton da ya turo, hoton abin da ya iso da duk maganganunmu, zan shigar da ƙara wurin hukumar, ko kuɗin ya dawo ko kada ya dawo. Allah ya isa kuwa tuni na yi masa ita.