Asubar Zabura lokacin shari'a ce, ba ta fatan alheri kaɗai ba

Duk mai bin saƙonnin barka da safiya a WhatsApp ya taɓa cin karo da Zabura 30:5, inda aka ce kuka kan kwana amma farin ciki na zuwa da safe. Ana liƙa mata hoton rana, a tura. A ganina wannan karatu ya rage wa waƙoƙin Ibraniyawa nauyi, domin a wurinsu ketowar alfijir sa'a ce da ake yanke hukunci, kuma wani ya ji daɗi, wani ya kwashi kashinsa a hannu.

Sai an san yadda darensu yake kafin a gane. Sun kasa dare kashi 3 na tsaro: Littafin Mahukunta 7:19 ya ambaci na tsakiya, Fitowa 14:24 na asuba. Mai gadin ganuwa na kashin ƙarshe shi ne mafi wahala, barci na fizgarsa, mahara kuma lokacin suke so. Shi ya sa Zabura 130:6 ta ce ran mawaƙin na jiran Ubangiji fiye da yadda masu gadi ke jiran safiya, har ta maimaita. Mai gadi ba ya tantamar gari zai waye, jiran ne ke cin ransa.

Gari na wayewa kuma sai ƙofar birni ta zama kotu. Irmiya 21:12 ya umarci gidan Dawuda su yi adalci da safe, kuma a 2 Sama'ila 15:2 Absalom ɗan Sarki Dawuda kan yi sammako ya tsaya a hanyar ƙofa ya tare masu kawo ƙara. Ayuba 38:12-14 ya fi kowa fito da abin: alfijir na kama gefunan duniya ya kakkaɓe mugaye kamar mai kakkaɓe tabarma, ƙasa kuma ta ɗauki siffa yadda yumɓu ke yi a ƙarƙashin hatimi. A Ayuba 24 ɓarawo da mazinaci da mai kisa su ne safiya ke firgitawa. Haka Zabura 46:5, wadda ta ce Allah zai taimaki birninsa da wayewar gari, masana da yawa na haɗa ta da harin Sarki Sennakerib na Assuriya a kan Urushalima a 701 kafin haihuwar Almasihu, inda 2 Sarakuna 19:35 ya ce da safe aka tarar da sansanin Assuriyawa cike da gawawwaki.

A Haikali ma akwai aiki mai ƙa'ida. Fitowa 29:38-40 ta ajiye 'yan raguna 2 bana ɗaya kullum, guda da safe guda da yamma, tare da gari, man zaitun da ruwan inabi. Mishna, kundin dokokin malaman Yahudawa wadda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 miladiyya, ta ce sai an tura wani ya hau sama ya duba, ya tabbatar gabas ta haskaka har Hebron, kafin a yanka. Ta kuma ce lokacin karatun safe na shiga idan mutum ya iya bambance shuɗi da fari. Mai azumi zai tuna farin zare da baƙi na Suratul Baƙara, aya ta 187.

Wani abin da ake tsallakewa shi ne maƙwabtan Ibraniyawa sun bauta wa alfijir. Allunan tsohon birnin Ugarit da aka fara tonowa a Ras Shamra ta Siriya a 1929 sun ambaci Shahar da Shalim, allolin asuba da magariba. Mawaƙin Zabura 57:8 kuwa cewa ya yi shi zai tashi alfijir daga barci da molo da garaya. Abin bautar wasu ya koma wanda ake tayarwa.

Kuskuren masu wa'azi shi ne tsintar aya ɗaya su bar sauran. Zabura 73:14 ta ce kowace safiya horo mawaƙin ke sha. Yusha'u 6:4 ya kwatanta ƙaunar Isra'ila da raɓar da ke bushewa da wuri. Marubucin Zabura 88 ya kai addu'arsa da safe a aya ta 13, bai sami amsa ba, ya rufe waƙar da cewa duhu ne abokinsa. Waɗanda suka tattara Zabura 150 ɗin sun ga wannan waƙa, suka bar ta yadda take.