Mun biya kuɗin ƙwallon kwando, an kunna mana Manchester City

Jika takwas muka haɗa, mu takwas, kowa jika ɗaya. Tun ranar Asabar muka kai wa mai gidan kallon unguwarmu a nan Maradi, hannu da hannu, a gaban mai shayin da ke ƙofarsa. Ba zan kama sunansa ba don masallacinmu ɗaya, amma ya san kansa. Magana ɗaya muka yi da shi: daren Lahadi 22 ga Yunin 2025, wayewar Litinin, ƙarfe ɗaya na dare agogonmu, za a buga wasa na bakwai na ƙarshen gasar NBA, ta ƙwallon kwandon Amurka, tsakanin Oklahoma City da Indiana. Talabijin tamu ce daga farko har a ɗaga kofi, kuma in an ɗauke wuta, kuɗin esansin gurup, wato man janareta, yana cikin jika takwas ɗin. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce, "Samari, ku kwantar da hankalinku, an gama."

Wanda bai san me ya kai ni ga hana idona barci ba, bari ya ji. Shekara guda cur nake gardama a fadarmu a kan mutum ɗaya, Isaiah Hartenstein. A Yulin 2024 kwantiraginsa da New York ya ƙare, ba shi da uban gida, sai Oklahoma ta ɗauke shi a kan dalar Amurka miliyan 87 na shekara uku. Abokina da muke kira Koci, alhali ko yaran firamare bai taɓa horarwa ba, ya ce an yi asarar kuɗi: wa zai zuba wannan dukiya a kan mutumin da da ƙyar yake cin maki goma a wasa? Ni kuwa na ga yadda Dallas ta fitar da Oklahoma a 2024. Duk ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo, dogayen Dallas ne ke tsince ta, Chet Holmgren shi kaɗai a ƙarƙashin kwando, siriri kamar karan gero, ana ta ture shi. Ba maki suka rasa ba, ƙato suka rasa. Zuwan Hartenstein shi ya ba Holmgren damar matsawa gefe, ya zama dogaye biyu ne a cikin biyar ɗin farko. Da Holmgren ya karye a ƙugu cikin Nuwamba, ai da Hartenstein ya warke daga karayar hannunsa shi ya riƙe wurin, ƙungiyar ta gama kaka da nasara 68.

To da aka zo wasannin ƙarshe sai mai horar da su, Mark Daigneault, ya zaunar da shi a benci, ya fara da Cason Wallace don yana tsoron gudun ƴan Indiana. Koci har rawa ya yi a fada. Wasa uku aka yi haka, Indiana ta ci biyu. A na huɗu ya mayar da Hartenstein cikin biyar ɗin farko, suka ci na huɗu da na biyar, Indiana ta rama a na shida. Kun ga ke nan wasa na bakwai shi ne alƙalin gardamarmu. Duk sauran wasannin a waya na bi su, guntu-guntu, da safe. Wannan ɗaya kawai na ce sai na gani da idona.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi muka iso, unguwa duhu, an ɗauke wuta tun bayan isha'i kamar kullum in hadari ya haɗo. Gurup a kashe. Na ce, "Alhaji, ina esansinmu?" Ya ce wai an taɓa shi kaɗan. Kaɗan! Ashe da man da muka biya aka haska wa mutane wasan Real Madrid da Pachuca da ƙarfe takwas, kuma kowanne ɗan kallo an karɓi kuɗinsa a ƙofa. Mai ɗaya, an sayar da shi sau biyu. Ƙaramin cikinmu ya hau babur ya zagaya har bakin tasha kafin ya samu mai sayar da na kwalba da bai tashi ba, lita biyu, daga aljihunmu kuma. Kafin gurup ya kama, bayan an ja igiya sau wajen goma, an riga an fara wasa. Muna zama ba da daɗewa ba Tyrese Haliburton, tauraron Indiana, ya faɗi yana dukan ƙasa da hannu, jijiyar dunduniyarsa ta tsinke. Ɗakin ya yi tsit, har Koci ya ce innalillahi. Duk da haka Pascal Siakam, ɗan Kamaru, da sauran ƴan Indiana ba su sare ba, wasa ya yi zafi, maki na tafiya kai da kai.

Wajen ƙarfe biyu saura sai muka ji babura a ƙofa. Mutum kusan ashirin suka shigo, kowa na miƙa dala ashirin-ashirin. Ban gane ba sai da Alhaji ya ɗauki rimot, ko kallonmu bai yi ba, ya danna. Filin katako ya ɓace, koren ciyawa ya bayyana: Manchester City da Al Ain.

Na miƙe na ce, "Haba Alhaji, ba haka muka yi da kai ba!" Ya ce, "Yaro, yi haƙuri, ka ga jama'a sun fi yawa. Wannan wasan naku na jefa ƙwallo a raga ai ko gobe sai ku gani." Gobe? Wasan ƙarshe ne, dattijo! Kuma me ake kallo a wancan? City ta yi wa Al Ain ci 6 da nema, wasan da ko makaho ya san yadda zai ƙare. Saboda shi aka kore mu daga wasan da aka tafi hutun rabin lokaci Indiana na gaba da maki ɗaya tak, 48 da 47. Ya nuna mana wata tsohuwar talabijin a lungu wai mu koma can. Ba a haɗa ta da dekoda ba, ƙura ta rufe ta, har gizo-gizo ya yi saƙa a bayanta.

Abin da ke ci mini rai ba jika ɗaya ba ce. A garin nan mai son ƙwallon kwando ɗan bora ne, masu ƙwallon ƙafa su ne ƴan mowa. Ba na ƙin ƙwallon ƙafa, ni ma ina kallo. Amma in ka san ba za ka iya ba, ka ce ba ka iyawa, mu nemi wani wuri tun da rana. Karɓar kuɗin mutane da alkawari, a ƙona musu mai, a sa su sayo wani, sannan a haska wa wasu wasa da shi, wannan sakiyar da ba ruwa ce, kuma cin amana ne ko da a bakin mai furfura ya fito.

Muka fita waje muka tsuguna a gindin dalbejiya, kawuna takwas a kan waya ɗaya. Na sayi forfen dare, kamfanin ya cire kuɗinsa nan take, wannan kam ba ya jinkiri. Hoto kuwa sai ya tsaya, ɗan da'irar nan ta yi ta juyawa, sauro na cin ƙafafunmu. Kashi na uku, inda Oklahoma ta ɓalle ta bar su, ko daƙiƙa ɗaya ban gani ba. Sai rubutu ya fito: 103 da 91, Oklahoma ta ɗauki kofi. Koci ya kalle ni ya ce, "To, ka ga abin da ƙaton naka ya yi?" Me zan ce masa? Shekara guda ina jiran wannan dare, ga shi na ci gardama amma ba ni da shaidar ido, shi kuma har yau cewa yake tauraron Oklahoma, Shai Gilgeous-Alexander, ne ya ci musu, dogon rakiya ya yi.

Sau uku ke nan ina komawa wurin Alhaji. Na farko aka ce yana barci, na biyu ya tafi Jibiya. Jiya na same shi a kan benci yana cin goro, ya ce kuɗi ba sa dawowa a gidansa, amma ya yi mana alheri: mu zo mu kalli wasa na gaba kyauta. Na ce, "Alhaji, sai Oktoba za a dawo gasar." Ya ce, "To ai Oktoba ma tana zuwa." Gobe bayan la'asar mu takwas za mu je, kuma mai shayin ya ce zai tsaya mana shaida.