Kansilan da ake iya buga wa ƙofa

Shekara shida ke nan ina ɗinki a Aboabo, cikin Kumasi, amma katin zaɓena na Kano ne, kuma zuciyata ba ta bar siyasar gida ba.

Daminar bara kwatar bayan shagonmu ta toshe da leda da robobi, ruwa ya shigo har ƙarƙashin keken ɗinki. Bayan sallar asuba maigidana, dattijo haifaffen Zango, ya ce, "Taso, yaro, mu je wajen asambuliman." Kansilarsu ke nan. Muka iske shi a ƙofar gida da buta a hannu. Maigida ya ce masa, "Ɗana, hotonka na dangwala wa ran zaɓe. Zo ka ga kwata." Ya ce, "To, Baba." Ranar Asabar aka yi aikin gayya da shebur da baro, shi ma ya naɗe ƙafar wando ya shiga.

Na daɗe ina juya maganar hoton nan. A Gana tsarin mulkin 1992 ya hana jam'iyyu tsayar da ɗan takara a zaɓen majalisun gundumomi, shi ya sa fuskar mutum ce a takardar ƙuri'a, ba laima ko giwa, alamun manyan jam'iyyun ƙasar, ba. Kowa ya san inda kowa ya karkata, ba a ɓoye yake ba, amma wanda ya ci ya san 'yan unguwa ne suka ɗora shi, kuma gobe a masallaci ɗaya za su haɗu.

Mu fa? A 2021 APC ce ke mulkin Kano, ta lashe ƙananan hukumomi 44 da kujerun kansila 484 kaf. A Oktoban 2024 NNPP ce a gidan gwamnati, ita ma ta kwashe 44 da 484 ɗin. Mutanen Kano da ko a teburin mai shayi bakinsu ba ya zuwa ɗaya, su ne za a ce sun haɗu a kan jam'iyya guda a kowace mazaɓa? Matsalar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce, ba ta Kano kaɗai ba ce. Gwamna ke naɗa hukumar zaɓen jiha, kuɗin ƙaramar hukuma kuma shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa suke bi. Kansilan da ya san daga sama aka ba shi kujera, sama zai riƙa kallo, ba kwatar unguwa ba.

Na yi murna ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma a daina ɗora kantomomin riƙo. Sai dai in ba a raba zaɓen nan da hannun gwamnoni ba, kuɗin zai faɗa hannun wanda gwamna ya zaɓa ne. A gyara tsarin mulki a miƙa wa INEC, ko a yi hukumar da ba gwamna ke naɗa ta ba. INEC na da nata laifin, amma aƙalla mun sha ganin ta sanar da faɗuwar mai mulki.

Kada a ɗauka Gana ta gama gyara. Shugabannin gundumomi 261 shugaban ƙasa ke naɗa su, majalisa ta amince da kashi biyu cikin uku, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari na 'yan majalisar ma naɗaɗɗu ne. An shirya ƙuri'ar raba-gardama a Disambar 2019 kan shigar da jam'iyyu zaɓen gundumomi, shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya soke ta ana saura kimanin makonni biyu. Wanda muke zaɓa ba shi da lalita, mai lalitar kuma ba mu muka zaɓe shi ba.

Kwatar tamu siminti take so, ba shebur kaɗai ba. Asambuliman ya rubuta takarda ya kai, ya kawo wa maigida kwafinta har shago. Tana nan manne jikin bango, kusa da almakashi, ga shi hadari ya fara haɗowa.