Ɗakin Inna da muka kulle shekara ukku

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da Juma'a. Ni ba malama ba ce kun sani, abin da ya faru gidanmu ne ya hana ni barci na ce bari in faɗa ko Allah shi sa wani ya amfana, kuma kaina nike fara yi ma nasihar kafin ta iso gare ku.

Shekara ukku ke nan da rasuwar Innarmu, Allah shi jiƙan ta da rahama. Tun ranar da aka watse zaman makoki na ja ƙofar ɗakinta na sa kwaɗo na riƙe makullin, duk wanda ya ce a buɗe sai in ce a bari tukuna zuciyata ba ta iyawa, har aka gaji aka daina yi mani maganar. To satin da ya wuce bangon bayan ɗakin ya tsage saboda ruwan damanar bana, dole magini ya shiga, dole na kawo makulli. Innalillahi. Gara ta bi ta ƙasan adaka ta shige, turamen atamfa goma sha ɗaya waɗanda ko tela ba su taɓa gani ba, kana ɗagawa suna zubewa kamar dussa, asu ya gama da barguna biyu, kusu ya haihu cikin kwalla, samira da langa da fanteka na jeren aurenta tsatsa ta huda gindinsu. Ƙamshin turaren wutanta da nike zaton shi nike tsarewa ma babu shi, warin ruma ne ya tarbe mu.

Gwaggonmu na tsaye bakin ƙofa tana kallona ina kuka, ba ta lallashe ni ba, cewa ta yi "'Yar nan, hunturu ukku almajirai na kwana zauren gidan nan da riga guda, bargon uwarki na ciki asu na ci. Ita kika kyauta ma ko asun?" Na rasa bakin amsa mata.

Wadda ta fi wannan zafi ita ce wadda Yaya ya kawo daga wajen limamin unguwarmu. Kayan mamaci tun ranar da ya cika sun tashi daga nashi, sun zama gado. A yi mashi sutura, a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai kuma kar ta wuce kashi ɗaya cikin ukku, saura na magada ne, tun daga gida da gona har cokali da tsintsiya. Mu nan Maradi in an ce gado fili da gida da shanu muke hange, kayan ɗaki sai babbar 'ya ta kulle ko ta kwashe wai ai na mata ne. To ƙanenmu ya rasu bara ya bar yara ƙanana biyu, rabonshi cikin kayan Inna ya koma kan iyalinshi, ashe cikin atamfar da gara ta ci akwai haƙƙin marayu kuma makullin na hannuna. Ku duba Suratun Nisa'i aya ta 10 ku ga abin da Allah ya ce kan dukiyar maraya. Ban ci ba, amma ni na tsare har ta lalace, na zauna na ƙiyasta na biya su daga aljihuna. Kuma ku kula, ko sadaka ba a yi da kayan mamaci sai magada sun yarda, rabon yaro ƙarami kuwa ba mai ikon yin kyauta da shi.

Kar wata ta ce ina nufin son abin tunawa laifi ne, a'a. Bayan yaƙin Badar shekara ta 2 da hijira, Nana Zainab 'yar Manzon Allah (SAW) ta aiko da fansar mijinta Abul Asi, cikin kayan akwai sarƙar da Nana Khadija ta ba ta lokacin aurenta, da Annabi ya ga sarƙar tausayi mai tsanani ya kama shi har ya nemi sahabbai in sun yarda su saki mata mijin su maido mata da abinta. Kusan shekara biyar da rasuwar Khadija ke nan fa. Zuciya ta san kayan masoyi. Amma ku dubi yadda yake tuna ta a aikace, Nana A'isha ta ce yakan yanka akuya ya yanyanka ya aika ma ƙawayen Khadija. Kuma da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ba ya nan, tambayar da ya yi ita ce ko zai amfane ta in ya yi mata sadaka, aka ce mashi e, nan take ya bada lambunshi sukutum. Ni kuma na sa kwaɗo ina ganin na fi kowa son uwa.

Da muka zauna mu duka aka raba abin da ya tsira, kowa ya ɗauki abu guda na tunawa, rabon yaran aka ware ma uwarsu. Ni akushin kakarmu na ɗauka. Takan ba mu labari tun muna yara, shekarar da ruwan Gulbi ya ci tsohon garin Maradi, 1945, aka tashi daga kwari aka hau tudun nan da muke kai yanzu, ta ce abin da ta fito da shi goyon bayanta ne da akushin nan bisa kai, saura duk ruwa ya tafi da su, kuma ta rayu bayan haka tsawon shekaru ba mu taɓa jin ta yi kukan wata tasa ba. Yanzu ciki nike zuba ma maigida tuwo. Sauran zannuwan da suka yi rai mu manya muka yarda aka kai ma ƙawayen Inna biyu da wata makwabciya mai takaba, Alƙur'aninta mai manyan baƙi aka kai islamiyyar matan aure. Jiya na hangi ɗaya daga ƙawayen nan a hanyar kasuwa sanye da zanen Inna mai ruwan ganye, na tsaya na yi kuka, amma ba irin na ranar buɗe ɗaki ba.

To mu dawo kanmu mu masu rai, dan nan gizo ke saƙa. Ki buɗe sif ɗinki tsakani da Allah. Ankon bikin wance, ankon sunan wance, leshin lefe da kike jira ki rame ki sa shi shekara tara, takalmin da ƙafa ɗaya ta ɓace, kayan jariri alhali autanki na lakkol. Maza ku ma kar ku yi dariya, mun ga ƙarƙashin gadonku, wayoyi matattu huɗu, caja da ta ƙone, rediyo mara murfi, tsohuwar tayar babur, duk wai wata rana za su yi amfani. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa shimfiɗa ɗaya ta miji, ɗaya ta matarshi, ta ukku ta baƙo, ta huɗu ta shaiɗan ce, malamai suka ce abin da ya wuce buƙata aka tara dan alfahari ake nufi. Kuma ɗan Adam na cewa dukiyata dukiyata, alhali ba shi da komi sai abin da ya ci ya ƙarar, ko ya sa ya tsufar, ko ya bayar ya gabatar. Ki gaya mani atamfar da ke cikin leda tun bikin ƙanwarki, cikin ukkun nan ina ta faɗa?

Ban ce a zubar da bido da bokiti ba, mun san halin ruwa da halin rayuwa, abin da kike aiki da shi ko na gwangwanin madara ne ki riƙe abinki. Takardar fili, takardar haihuwa, takardun bashi, waɗannan a leda mai kauri za ki sa su ki ɗora sama nesa da gara. Tsofaffin takardu masu ayoyi kuma ba a kai su bola, a ƙone ko a binne wuri mai tsarki. Ƙarafa da robobin da suka mutu 'yan gwangwan na yawo unguwa kullum, ko dala ashirin suka ba ki kin rage ma kunama maɓoya.

Sai dai dan Allah in za ki bayar kar ki zaɓo tsumman da ke kanki ba ki iya karɓa sai kin runtse ido, Baƙara aya ta 267 ta hana wannan ƙarara, kuma Ali Imrana aya ta 92 ta ce ba a samun alheri sai an bayar daga abin da ake so. Nan ne nawa ciwon yake, dan akwai wata shadda gezna da na ɓoye tun haihuwar fari ina cewa sai babban biki, na ciro ta na maida sau biyu cikin satin nan. Na dai kira ƙanwata na ce gobe Asabar ta zo da safe ta tsaya kaina mu buɗe sif ɗin tare, kuma na ce mata in ta ga na fara cewa a bari tukuna ta kira Gwaggo.