Tarihin Asiya ya cancanci gurbi a azuzuwanmu

Yaron da ya taso a Kano ko Zinder yana jin sunan Imam Bukhari tun kafin ya iya rubuta sunansa, amma idan aka shimfiɗa masa taswirar duniya aka ce ya nuna Bukhara, da wuya ya kai yatsansa ƙasar Uzbekistan, inda aka haifi malamin a shekarar 810 miladiyya. Haka abin yake game da Tirmizi, wanda garinsu Termez yake bakin iyakar Uzbekistan da Afghanistan, da Imam Muslim na Naisabur a Iran ta yau. Wannan giɓi yana damuna ƙwarai, domin ba laifin yaron ba ne. Manhajar da muke koyarwa ce take ambaton Asiya a gurguje, galibi sai in ta zo kan labarin mulkin mallakar Turawa ko yaƙin duniya na biyu.

Ra'ayina shi ne a fara koyar da tarihin nahiyar daga abin da ke hannun ɗalibi. Takardar da yake rubutu a kai, a ƙasar Sin aka fara sarrafa ta, ana kuma danganta inganta ta ga wani jami'in fadar sarkin Sin mai suna Cai Lun a shekarar 105. Daga can sana'ar ta isa Samarkand da Bagadaza a ƙarni na takwas, kuma sauƙin samun takarda ya taimaka wajen yawaitar littattafan da malamanmu na zaure suke karantarwa har gobe. Lambobin da yake lissafi da su, har da sifili, daga Indiya suka fito, masanin lissafinsu Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin sifili a 628, sannan Al-Khawarizmi ya yaɗa tsarin da Larabci. Malamin da ya ɗaga littafin rubutun ɗalibi a gaban aji ya bi asalin takardar da lambobin da ke cikinta, ya riga ya koyar da darasin ƙarni da dama ba tare da ya gajiyar da kowa ba.

Akwai kuma alaƙar Asiya da Afirka kai tsaye, wadda ta girmi zuwan Turawan mulki. Jiragen ruwan Zheng He, kwamandan jiragen ruwa na ƙasar Sin, da suka yi tafiye-tafiye tsakanin 1405 da 1433, sun sauka a Mogadishu da Malindi. A 1955 ƙasashe 29 na nahiyoyin biyu suka hallara a Bandung ta Indonesiya domin yin magana da murya ɗaya kan mulkin mallaka.

Na san wasu za su ce ba mu gama koyar da tarihin Daular Usmaniyya ta Sakkwato da na Kanem-Borno ba, musamman tunda Najeriya ta taɓa shafe fiye da shekara goma ba tare da darasin tarihi a manhajar matakin farko ba, kafin a dawo da shi. Hujjar tana da ƙarfi, kuma tarihin gida shi ne a gaba. Sai dai ɗalibin da zai gama sakandare ya shiga Kantin Kwari ya yi cinikin atamfa da 'yan Sin, ko ya tuƙa adaidaita sahu ƙirar Indiya, yana buƙatar sanin yadda Koriya ta Kudu ta farfaɗo bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, da yadda Japan ta sake fasalin makarantunta bayan 1868. Zango ɗaya a babbar sakandare zai wadatar a matsayin somin taɓi, muddin aka horar da malaman tarihi tun daga kwalejojin ilimi, aka kuma rataye taswirar Asiya a bangon kowane aji.